Kafin a Sa Wuƙa: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsara Aikin Gyaran Fuska da Jiki

Tambayoyin nan daga bakin iyaye da majinyata na tattara su, a nan Damagaram. Yawancinsu a kan benci aka yi mini su ana jiran kira, ko bayan likita ya gama bayaninsa da Faransanci uwa ta juyo ta ce da ni, "Majo, me ya ce?" Na daɗe ina tsayawa tsakanin likitocin tiyata da masu jinya, kuma ko daga Mirya mutum ya fito ko daga Tanut, damuwar ɗaya ce: me za a yi, yaushe, kuma yaya za a fito. Na fara da masu sauƙi, na kuma sa lamba don a riƙa komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Me ake nufi da tsara aiki tun kafin a yi shi?

Tela ba ya sa almakashi a shadda mai tsada sai ya ɗauki awo ya zana da alli, wani lokaci ma sai ya fara gwadawa a takarda. To shadda in ta ɓaci ana komawa kasuwar Dole a sayo wata. Fatar mutum ba a sayar da ita. Shi ya sa likitan gyara yake zama tun da sauran kwanaki ya warware abu huɗu: me ya ɓace a wurin, fata ce kawai ko har da tsoka da ƙashi da shimfiɗar cikin baki, daga wane sashe na jiki za a ɗebo abin cikewa, ta wace hanya jini zai ci gaba da kai wa abin da aka ɗebo, in kuma wannan hanya ta ƙi, wace ce ta biyu.

Kwaikwayon aiki ya ɗara wannan da taki ɗaya. A nan likita yana yin aikin gaba ɗaya a allon kwamfuta ko a kan samfurin roba, ya yanka, ya haɗa, ya ga inda ya gaza, ya sake, majinyaci yana gida bai san ana yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Aikin gyara da aikin ƙawa abu ɗaya ne?

Hannu ɗaya ke yin su, dabarun ma sun yi kama, amma manufa ta bambanta. Aikin gyara maido da abin da aka rasa ne, ko cika abin da ba a zo da shi cikakke ba: leɓen da ya tsage tun haihuwa, kuncin da cutar noma ta cinye (bayaninta yana tambaya ta 8), wuyan da tabon ƙuna ya ɗaure, muƙamuƙin da ya farfashe a hatsarin kabu-kabu, ramin da ya rage bayan an cire ƙari. Aikin ƙawa kuwa lafiyayyar gaɓa ake taɓawa don a sauya mata kama. Na farkon ne ke cika mana layi, a kansa kuma amsoshin nan suka fi tsayawa. Batun halacci yana tambaya ta 15.

3. Wannan ba sabon abu ba ne da kwamfuta ta kawo?

Ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, wani likitan ƙasar Indiya mai suna Sushruta ya bayyana yadda ake ɗora ganye a kan hancin da aka yanke a ɗauki girmansa, sannan a yanko fata daidai ganyen daga kunci. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Harold Gillies ya fara aiki a asibitin Sidcup da ke Ingila a 1917, inda aka yi wa sojoji fiye da 5,000 gyaran fuska. A can akan ɗauki siffar fuska da garin filasta irin na ɗorin karaya, a gina hancin da ya ɓace da kaki a kai, a duba a gyara kafin a taɓa mutum. Abin da ya riƙa nanata wa almajiransa har yau shi ake koyarwa: a yi tsari, a yanka ma'auninsa, a kuma tanadi hanyar tsira.

Sikana, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, ta zo a 1971, lokacin da aka fara ɗaukar majinyaci da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera. Na'urar buga siffa mai kauri, wadda ake ce wa 3D, ta biyo baya a shekarun 1980. Sun ƙara wa ido gani, amma tambayoyi huɗun nan na amsa ta 1 suna nan yadda suke.

4. Waɗanne hotuna ake buƙata?

Ya danganta da abin da ya lalace. Kowa dai ana ɗaukarsa hoton kyamara: ta gaba, ta gefe biyu, ta ƙasan haɓa, baki a rufe da baki a buɗe, a wuri mai haske ɗaya. In ƙashi ya shiga ciki sai radiyo, wato hoton ƙashi, ko dogon hoton nan da ke nuna haƙora duka a jere. In ana son a gina siffar ƙashin a kwamfuta, to sai sikana, kuma a gaya wa mai ɗauka ya yi yanka sirara, milimita 1 ko ƙasa da haka, domin yanka masu kauri suna fitar da ƙashi kamar matakala. IRM, wata na'urar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu, ta fi nuna tsoka da iyakar ƙari. Idan za a ɗebo nama da jijiyarsa daga ƙafa, akan yi sikana da allura mai haska jijiyoyin jini.

Kada ran uba ya ɓaci don ba a rubuta wa ɗansa sikana ba alhali an rubuta wa na kusa da shi. Tsagaggen leɓe da yawancin tabon ƙuna ba sa buƙatarta ko kaɗan. Duba tambaya ta 7 da ta 14.

5. Yaya kwamfuta take yin aikin kafin likita?

Mu ɗauki inda ta fi amfani: ƙari ya ci rabin muƙamuƙin ƙasa. Akwai wani da likitoci ke kira amelobilastoma, ba daji ba ne, amma yana cin ƙashi sannu a hankali har fuska ta karkace, kuma mutanenmu kan zo da shi bayan ya yi shekaru. Ana loda yanka-yankan sikana a manhaja, ta ɗora su bisa juna har ƙoƙon kai ya fito a allo ana juya shi ta ko'ina. Likita ya ja layi inda zai yanke gaba da baya, ya bar tazara daga bakin ƙarin, ya cire. To da wace siffa za a cike ramin, tunda ƙarin ya riga ya ɓata ta asali? Sai a kwafi ɓangaren da ke lafiya a juya shi kamar a madubi.

Ƙashin cikewa galibi daga ƙafa ake ɗebo shi: siririn nan da ke gefen ƙwauri ta waje, wanda ba shi ke ɗauke da nauyin jiki ba. A babban mutum ana iya samun wajen santimita 25, a bar kamar 6 ta wajen gwiwa da 6 ta wajen idon sawu don kada gaɓoɓin su yi sako-sako. David Hidalgo ne ya bayyana gina muƙamuƙi da shi a 1989. Matsalar ita ce ƙashin miƙaƙƙe ne, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe, sai an gutsura shi gida biyu ko uku an karkata bakin kowane yanki, yadda kafinta ke haɗa kusurwar taga. Kwamfuta ke fitar da tsawon kowane yanki da karkatarsa. Daga nan a buga ƴan ma'aunai masu tsaga, a ɗaura su a jikin ƙashi ranar aiki, zarto ya bi tsagar.

Ribar tana wuri biyu. Daga lokacin da aka yanke jijiyar ƙashin zuwa lokacin da aka ɗinke ta da jijiyar wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, naman yana zaune babu jini, kuma jijiyoyin nan faɗinsu milimita 2 zuwa 3 ne. Duk mintin da aka rage a nan alheri ne. Na biyu, haƙoran sama da na ƙasa suna komawa su haɗu daidai, mutum ya iya tauna. A ganina, a aikin ƙashi wannan hanya ta cancanci yabon da ake mata. A aikin fata da tsoka labarin daban ne, yana tambaya ta 12.

6. Mene ne amfanin samfurin roba da ake bugawa?

Na'urar tana narkar da zaren roba ta shimfiɗa shi hawa-hawa har ƙashin ya fito da girmansa na gaskiya, aikin wasu awowi ko kwana guda. Manhajar da ke juya sikana zuwa siffa ma akwai ta kyauta, irin su 3D Slicer da InVesalius ta ƙasar Barazil. Wannan ita ce hanya mai rahusa, kuma ita na fi ganin za ta karɓe mu: likita ya ɗauki siririn ƙarfen titaniyom da zai riƙe ƙashi, ya lanƙwasa shi a kan samfurin tun jajibere yana zaune a natse, a dafa ƙarfen, gobe a ɗaura shi kawai. Lanƙwasa ƙarfe a ɗakin tiyata, majinyaci yana cikin barci, yana cin lokaci mai yawa.

Robar da aka fi amfani da ita tana fara laushi a wajen digiri 60, tukunyar dafa kayan aiki kuwa tana kai 121 ko 134, saboda haka ƙarfen ake dafawa, samfurin a bar shi waje. In an ba ku shi ku kai wani asibiti, kada ya wuni a rufaffiyar mota cikin zafin Afrilu. Wani amfanin kuma: na ga dattijon da aka yi ta yi wa bayani bai gane ba, da aka ɗora masa muƙamuƙin ɗansa a tafin hannu ya shafa ramin da yatsa, sai ya ce, "To, yanzu na gani. A yi."

7. In babu sikana babu kwamfuta, aikin zai yi kyau kuwa?

Zai yi, in likitan ya iya kuma ya tsara. Ina so a riƙe wannan da kyau, domin na ga iyalai sun sayar da awaki don neman hoton da ba zai sauya komai ba.

Na taɓa tsayawa ana duba wata yarinya ƴar shekara bakwai mai rami a kunci. Likita ya yanki ƙyalle daidai ramin, ya bar masa doguwar jela. Ya danne ƙarshen jelar da babban yatsa a ƙirjinta kusa da ƙashin tsakiya, inda jijiyoyin da za su ciyar da fatar suke fitowa, ya ɗaga ɗaya bakin zuwa kunci. Ya kai. Sai ya ce ta juya kanta ɗaya gefen, ƙyalle ya gaza da faɗin yatsa biyu. Uwar ta ce, "Likita, riga za ka ɗinka mata?" Ya ce, "Inna, kusan haka ne." Ya sake zane, ya ƙara tsawo ta wajen kafaɗa. Wannan shi ake kira tsarawa daga ƙarshe zuwa farko, kuma da fata aka yanka a maimakon ƙyalle, da yatsa biyun nan sun zama babbar asara. Kayan aikin duka ƙyalle ne, da alƙalami, da ma'auni, da ƴar na'urar Dopla da ake ɗorawa a fata a ji bugun jijiya a sa alama.

8. Ɗana ya warke daga cutar noma. Me ya sa aka ce mu jira?

Da farko, sunan cutar bai da alaƙa da noman gona. Wasu suna ce mata ciwon iska, amma ƙwayoyin cuta ne da ke farawa daga dasashi, su ci kunci da leɓe cikin ƴan kwanaki, galibi a yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in ba magani, kusan tara cikin goma suna mutuwa, kuma a Disamban 2023 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Lokacin da take ci, abin da ake buƙata maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da abinci da wanke ciwo, cikin gaggawa. Gyara yana zuwa daga baya.

Ana jira ne domin ramin da kuke gani yau ba shi ne ramin ƙarshe ba. Mataccen ƙashi zai fita, tabo zai ja ya tsuke, siffar ta yi ta sauyawa har wata shida zuwa shekara guda, wani lokaci fiye. Ma'aunin da aka yanka a wata na biyu ba zai dace a wata na goma ba. Yaron ma yana buƙatar ya yi ƙiba jininsa ya dawo. Sannan kunci hawa uku ne: shimfiɗar ciki, abin da ke tallafe, da fatar waje, kowanne sai an nemo masa madadi. Shi ya sa ake yin aikin mataki-mataki. Fatar da aka ɗago daga goshi ko ƙirji, wadda likitoci ke kira lambo, akan bar ta maƙale da tushenta kamar mako uku har ta kama jini a sabon wurin, sannan a koma a raba. Ku tambayi mataki nawa ne tun ranar farko.

9. Bakinsa ba ya buɗewa. Wannan yana shafar tsarin?

Ƙwarai, shi ne ma kan gaba. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku na mai shi a tsaye. Bayan noma, tabo ko ƙashin da ya tsiro ya haɗe muƙamuƙi da ƙashin kunci kan kulle shi gam. Likitan sa barci yana buƙatar hanyar zura bututun numfashi, in baki a rufe yake sai ya tsara wata: ta hanci da siririyar kyamara mai lanƙwasa, ko ƙaramar ƙofa a maƙogwaro. Ba a yanke wannan shawara bayan yaro ya yi barci. A nan sikana tana da amfani na gaske, domin ita ke bambance tabo da ƙashi.

Bayan an buɗe, sauran aikin na gida ne. Kullum sai an motsa bakin, ana jera ƴan katakon duba harshe tsakanin haƙora ana ƙarawa, wata da watanni. Yana da zafi, yaro zai yi kuka, uwa ta ji tausayi ta bari, baki ya sake kullewa. Na ga haka ba sau ɗaya ba, kuma babu abin da ya fi shi ciwo a zuciya.

10. Jaririna leɓensa a tsage. Me ake aunawa, kuma yaushe ake yi?

A duniya wajen jariri ɗaya cikin 700 ke zuwa da tsagar leɓe ko ta ganɗa, kuma ba laifin uwa ba ne. Leɓe akan ɗinka shi tsakanin wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin magana ta zauna. Akwai tsohuwar ƙa'ida da likitoci ke tunawa da ita: jariri ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kamar kilo 4 da rabi, ma'aunin jininsa ya kai 10.

Tsarin a nan na milimita ne. Likita yana ɗiga shuɗin tawada a wasu wurare, ƙarƙashin hanci da kan gaɓar leɓe inda ja ya haɗu da fata, ya auna tsawon ɓangaren lafiya ya nemo daidai shi a ɓangaren da ya tsage. Kuskuren milimita 1 ko 2 a layin jan leɓe ana hango shi daga nesa. Saboda haka masu koyo suke gwadawa a leɓen roba tukuna, ƙungiyar Smile Train ma tana da manhajar kwaikwayon wannan aiki a intanet kyauta. Babba da ya girma da tsagar shi ma ana gyara masa.

11. Tabon ƙuna ya ɗaure hannu. Yaya ake tsara sakinsa?

Da hunturu muke ganinsu da yawa: yaro ya faɗa garwashi, ko ruwan zafi, ko man fetur na kwalba ya kama. Ana auna gaɓar, digiri nawa take miƙewa, a kuma ƙiyasta girman ramin da zai buɗe in an saki tabon, domin kullum ya fi yadda ido ke zato. In tabon siriri ne kamar igiya, akan yi masa yanka mai siffar Z a musanya ɓangarorin biyu. A lissafi, kusurwar digiri 60 tana ƙara tsawo da kashi 75 cikin ɗari, ta 45 kuma da kashi 50, kodayake fata ba ta cika ba da duka. In mai faɗi ne sai dashen fata daga cinya ko makwankwaso, ko lambo.

Galibi ana jiran tabo ya nuna, ya daina ja ya yi laushi, wata shida zuwa shekara. Banda fatar ido da ta kasa rufewa, da bakin da ya tsuke, da wuyan da ya manne da ƙirji, waɗannan ba a jinkirta su. Karan ɗorin da za a sa bayan aiki yana cikin tsarin, kuma wanda ya cire shi da wuri tabo zai koma inda ya fito.

12. An nuna mini hoto a kwamfuta. Haka zan fito?

Hoton manufa ce da likita ya sa a gaba, kuma yana da kyau ku kalle shi tare ku daidaita abin da kowa ke tsammani. Amma kada a ɗauke shi alkawari. Ƙashi yana zama inda aka ajiye shi. Fata da tsoka kuwa suna kumbura, su saɓe, su ja, kuma kowane jiki da yadda yake warkewa. Fatar da aka ɗebo daga ƙirji ko cinya launinta ba zai zama ɗaya da na fuska ba. Yaro kuma yana girma, abin da aka dasa ba lallai ya bi girman daidai ba.

Babban abin da kwamfuta ba ta hangowa shi ne tabo mai tsiro, wanda ke kumbura ya wuce iyakar ciwon. Ya fi yawa a baƙar fata, musamman a kunne da ƙirji da kafaɗa. In hujin kunne ko shasshawa ko tsagar gado ta taɓa yi muku haka, ko tana yi a danginku, ku faɗa tun farko, zai iya sauya inda za a yanka. Fuska ba ta nuna kamanninta na ƙarshe sai bayan wata shida zuwa shekara. Duk wanda ya nuna muku hoto a waya ya ce tabbas haka za ku koma, ku yi hattara da shi.

13. Tsarin yana iya sauyawa bayan an shiga ɗakin tiyata?

Yana iyawa, kuma wannan ba gazawa ba ce. A buɗe a tarar jijiyar da aka dogara da ita ta yi ƙanƙanta, ko ƙari ya wuce inda hoto ya nuna. Ma'aunin da aka buga ba ya ƙaruwa, sai a ajiye shi a koma hannu. Dalilin hanya ta biyu ke nan da aka ambata a amsa ta 1, kuma haƙƙinku ne a gaya muku ita kafin ku sa hannu.

Tsari kuma yana tsufa. Ƙarin daji yana girma cikin makonni, saboda haka sikanar da aka yi watanni uku da suka wuce ba a gina aiki a kanta. In an ba ku rana, ku yi iya ƙoƙari kada ta wuce.

14. Hasken sikana ba ya cutar da yaro?

Sikana tana amfani da haske irin na radiyo amma ninkin-ba-ninkin, kuma jikin yaro ya fi na babba jin sa. Haɗarin hoto ɗaya kaɗan ne, sai dai yana taruwa. Ƙa'idar ita ce a yi ta in amsarta za ta sauya aikin, a rage ƙarfin hasken daidai girman yaro, kada kuma a maimaita don kawai faifai ya ɓace. Mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin ta kwanta. In za a yi allurar haska jijiya, akan duba lafiyar ƙoda. IRM da eko, hoton nan da ake duba masu ciki da shi, ba su da wannan haske, amma IRM maganaɗisu ce mai ƙarfi, duk mai ƙarfe a jiki ya sanar.

15. Addini ya yarda da wannan aiki?

Malamai sun daɗe da bambance kawar da lahani da sauya halitta don ƙawa. Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta aikin da ke maido da gaɓa ga siffarta ko amfaninta, kamar tsagar leɓe da tabon ƙuna. Mai wata damuwa ta musamman ya je wa malaminsa da bayanin likita a hannu.

16. Ni mene ne nawa a cikin tsarin?

Naku ya fi yadda kuke zato. Naman da aka dasa da abinci yake kamawa: wake, gyaɗa, ƙwai, madara, nama in an samu. Za a auna jini, a duba zazzaɓin cizon sauro da suga, a tambayi sikila. Taba tana tsuke ƙananan jijiyoyi har lambo ya mutu, a bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki, sigari ce ko shisha ko ta gari. Man bilicin yana sirantar da fata ya hana ciwo haɗewa, ƴar'uwa ki faɗa ba kunya. Haka jiƙo da duk wani maganin gargajiya, da asfirin mai tsinka jini.

Ranar aiki ba a cin abinci awa shida kafin a shiga, nonon uwa awa huɗu, ruwa zalla awa biyu. Kunu da fura abinci ne. Na ga an ɗage aikin da aka shafe wata ana shiryawa saboda kaka ta ji tausayi ta ba jikanta kunu da asuba, kuma da ba ta faɗa ba da abin ya fi haka muni, domin yana iya komawa huhu. Sannan ku gaya wa likita gaskiyar halinku: wa zai zauna da yaro mako uku tsakanin mataki da mataki, wa zai ba da jini, ko damina za ta hana ku dawowa. Likita na iya zaɓar wata hanya mai mataki ɗaya in ya san dawowa za ta yi wuya.

17. Ina za mu nufa, kuma za a iya tsara aikin daga nesa?

A fara da likitar da ke kusa, su tura ku Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram in abin ya fi ƙarfinsu. Game da noma, gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana aiki a garin nan tun 1992, kuma ta sha kai yara masu manyan raunuka asibitin jami'a na Jeneba. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, suna gyaran tsagar leɓe da tabon ƙuna. A Sakkwato akwai asibitin noma tun 1999. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, saboda haka kafin a hau mota a bari ma'aikatan lafiya su tura bayani su karɓo rana.

Ana fara tsari daga nesa, amma zuwa da kai ya fi aike: sai likita ya taɓa tabon da hannunsa ya ji taurinsa kafin ya yanke magana. Wajen turawa, hoton fim ɗin sikana da aka ɗaga a taga aka ɗauka da waya ba ya gina siffa a kwamfuta. Ku roƙi ainihin fayil ɗin, wanda ake kira DICOM, a faifai ko a kile na USB, ku kwafe shi wuri biyu. WhatsApp yana rage ingancin hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Hoton fuskar ɗanku kuma amana ce, ku tambayi wa zai gani, kuma kuna da ikon hana a sa shi a Facebook ko a takardar neman taimako. Takardun duka, har da na aikin da aka taɓa yi a baya, a haɗa su a leda ɗaya a rubuta kwanan wata a bayan kowace, domin likitan da zai yi mataki na biyu ba lallai ya zama wanda ya yi na farko ba.